Ina son 'ya'yana, amma ji nake kamar na ɓace

Assalamu alaikum Anti,

Ni matar aure ce a Aboabo, nan Kumasi. Shekarata 29, 'ya'yana uku: babbar shekara shida, mai bi mata namiji ne ɗan shekara uku, sai ta goye wata takwas. Kafin aure na gama sakandare na koyi ɗinki, har na kama rumfa. Tun haihuwa ta biyu keken yake jingine a ɗaki, na lulluɓe shi da tsohon zane. Maigidana makanike ne a Suame Magazine, unguwar garejin gyaran motoci, yana fita bayan asuba sai bayan isha'i, kuma bai rage mu da ci da sha ba. Mahaifiyata tana Tamale, ta zo jego ta yi arba'in ta koma.

Damuwata ita ce kwanakina duk iri ɗaya ne. Ɗiban ruwa, wanki, girki, kai makaranta, ɗaukowa, shara, wanka, rarrashi. Abin da na wanke da safe kafin la'asar ya koma datti. In na buɗe waya sai in ga wata ƙawata ta gama karatun nas, wata tana zuwa Lome saro kaya, wata tana saka hoton 'ya'yanta tana cewa kowane minti da su ni'ima ne. Ni kuwa wani lokaci ina shayarwa ina hawaye, ban san dalili ba. Da na gaya wa wata 'yar'uwa sai ta ce in yi istigfari, wasu neman haihuwar suke ba su samu ba. Allah ya sani ina son 'ya'yana, amma ji nake kamar na ɓace. Butulci ne wannan? Yaya zan yi in ga amfanin waɗannan ƙananan abubuwa da nake yi kullum?

Maman yara uku, Aboabo

Wa alaikumus salam ƙanwata,

Ba butulci ba ne, ki sauke wannan daga kanki tun yanzu. Mai butulci ba ta tashi tsakar dare ta ba da nono, ta sake tashi da asuba ta ɗora ruwan wankan 'yan makaranta. Abin da nake gani a wasiƙarki gajiya ce da kaɗaici, wataƙila da wani abu na uku da zan zo kansa.

'Yar'uwar da ta ce ki yi istigfari ba ƙarya ta yi ba. Akwai masu neman haihuwa ido rufe, kuma istigfari bai taɓa cutar da kowa ba. Sai dai ta amsa tambayar da ba ki yi mata ba. Mu mata mun ƙware a wannan: mace ta ce ta gaji, sai mu toshe mata baki da "aljanna tana ƙarƙashin ƙafar uwa". Ki duba wa aka gaya wa maganar. Wani mutum ne ya zo wurin Manzon Allah (SAW) yana son fita yaƙi, aka tambaye shi ko mahaifiyarsa tana raye, ya ce e, aka ce ya koma ya lizimce ta. Umarni ne ga ɗa. Haka ma hadisin da aka ce "mahaifiyarka" har sau uku kafin a ambaci uba. Babu ɗaya da ya zo don hana uwa cewa wash. Alƙur'ani da kansa, a Suratu Luƙman, ya kira ɗaukar ciki rauni a kan rauni. A Suratul Ahƙaf ya ce da wahala ta ɗauke shi, da wahala ta haife shi, ya lissafa ciki da shayarwa wata talatin. Ke kin yi wannan sau uku cikin shekara bakwai. Ki kuma tuna Nana Maryam. Da naƙuda ta kai ta gindin dabino, cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan rana. Ba a yi mata faɗa ba. An ce kada ta yi baƙin ciki, ga ruwa a ƙarƙashinta, ta girgiza dabinon, ta ci ta sha, hankalinta ya kwanta. Ke ma ta nan za mu fara, daga jikinki, domin wadda ba ta yi barci ba ko an ajiye mata abin daɗi a gabanta ba za ta gan shi ba.

Hawayen nan da kike yi kina shayarwa su suka fi tsaya mini a rai. A kwanakin farko bayan haihuwa mata da yawa sukan yi kuka ba dalili, ya wuce da kansa cikin mako biyu. Ke wata takwas ke nan. Akwai ciwon damuwa da kan kama mace bayan haihuwa, yana iya tasowa kowane lokaci cikin shekarar farko, kuma ba ruwansa da ƙarancin imani ko rashin son ɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin 13 cikin 100 na matan da suka haihu a duniya suna fama da matsala irin wannan, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kusa 20 cikin 100. Wato in mata goma suka jeru a bencin awo, biyu daga ciki na iya kasancewa suna ɗauke da shi, kowace ta yi shiru ta ɗaura gyalenta. Ba zan yanke miki hukunci daga wasiƙa ba, amma ki tambayi kanki. Kin yi mako biyu ko fiye ranki a ɓace kusan kullum? Abin da a da yake ba ki daɗi, hira ko ɗinki ko zuwa biki, yanzu ya fita ranki? Yarinyar ta yi barci ke ki kasa? Kina yawan jin ke ba uwar kirki ba ce? In yawancin amsar e ce, ki kai maganar asibiti.

Wata mai kamawa dama za ki kai ta goyen allurar wata tara, ta ƙyanda da shawara. Kada ki tsaya a kan nauyinta kaɗai. Ki bari layi ya ragu ki ce wa nas ɗin, "Ni ma ba ni da lafiya, ina yawan kuka, ba na samun barci." Asibitocin gwamnati suna da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa, babban asibitin Komfo Anokye na Kumasi ma yana da sashensu, kuma ganinsu ba hauka ba ne. Ki roƙa a auna jininki, don ƙarancin jini ya zama ruwan dare ga mai haihuwa a jere, kuma yana kawo kasala da jiri da ƙuncin rai. Ki duba katinki na inshorar lafiya (NHIS) bai mutu ba, ana sabunta shi ta waya da *929#. In kuwa tunanin cutar da kanki ko cutar da yarinyar ya taɓa zuwa miki, ko sau ɗaya ne, kada ki jira ranar allura. Ki gaya wa maigida yau, ku tafi asibiti yau.

To, ga tambayarki. Na fahimci dalilin da abin ya fi cin ki fiye da wata. Ke tela ce, kin saba da aikin da yake da ƙarshe. A kawo yadi shida, ki auna, ki yanka, ki ɗinka, ki goge, mai kaya ta zo ta gwada ta juya gaban madubi ta biya. Ranar suna ki hango ɗinkinki a jikin mutum ki ji daɗi a ranki. Aikin gida ba ya barin shaida haka. Tuwon da kika yi awa biyu a kansa, minti goma an suɗe kwano. Ba wanda zai shigo da dare ya ce, "Kai, wa ya tare yaron nan yau bai faɗa kwata ba? Wa ya cire wa jaririyar kwabo daga baki?" Abin da uwa ta hana faruwa ba mai ganinsa, har ita kanta.

Ga kuma kaɗaici. Iyayenmu a gidajen Zango, Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Alabar, sun sha wannan wahalar har fiye, ba gas ba firij. Amma a tsakar gida suka sha ta, cikin mutane. Wannan na daka, waccan na wanki, ga tsohuwa a kan tabarma ta karɓi jariri, ga 'yar maƙwabta ta goya shi ta zaga lungu da shi. Ranar da yaro ya fara takawa mutum biyar ne suka gani, aka yi shewa aka ce ya taka wa ƙaninsa hanya. Yanzu ɗaki da falo ake haya, kowa ya ja ƙofarsa, mahaifiyarki kuma tana Tamale, tafiyar awa shida zuwa bakwai a mota. Ba na cewa da ya fi yanzu a komai. Tsakar gidan nan akwai gulma, akwai faɗan kishiyoyi, akwai faɗa a kan yara da ke raba zumunci. Amma gaskiya ita ce aikin da mata huɗu suke rabawa ke kaɗai kike yinsa, kuma ba mai gani balle ya ce sannu.

Duk da haka aikin yana taruwa. Kin san mai susu, wato mai karɓar adashi, da ke zaga kasuwa kullum, a ba shi sidi biyar ya yi alama a kati. Ranar da kika bayar ba abin da kika gani sai ragin kuɗin cefane. Reno haka yake, illa dai ba kati, kuma ba ke za ki kwasa ba, yaran ne.

Dubi ta goyen. A wata takwas ta fara "ba-ba-ba" da "da-da-da". Sai ta yi, ta tsaya, ta kafe ki da ido. Wannan tsayawar jira take yi. In kika ce "Na'am, me kika ce?" sai ta ƙara, har da harba ƙafa da dalalar miyau. In ta jefar da cokali kika ɗauko mata, ta sake jefarwa, ba tsokana ba ce. Gwadawa take ta ga ko abin da ya ɓace wa ido yana dawowa, ta kuma ga ko ke kina nan kina amsawa. Shi ya sa in kika rufe fuska da gyale kika buɗe take ƙyalƙyalewa da dariya, sau goma a jere, kamar ba ta taɓa gani ba. Masu binciken girman yara a Jami'ar Harvard ta Amurka sun ƙiyasta cewa a shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro tana ƙulla sababbin hanyoyi fiye da miliyan ɗaya a kowane sakan, kuma abin da ke ƙarfafa su shi ne wannan kai-kawo, yaro ya yi kira da murya ko ido ko hannu, babba ya amsa.

Akwai wani bincike da nake son ki sani. A Kingston, babban birnin Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 daga unguwannin talakawa, duk sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Wasu aka riƙa ba su madara. Wasu kuma ma'aikaciyar lafiya tana zuwa gidansu awa ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta yabe shi, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka sake nemo su. Sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna waɗanda iyayensu suka koyi wasan suna samun kuɗi fiye da waɗanda ba a yi wa ba da kashi 25 cikin 100, har sun kamo tsararrakinsu da ba su tsumbure ba. Madarar ita kaɗai ba ta bar tasiri mai nisa haka ba. Kada ki ɗauka ina raina abinci. Ki ci gaba da ba ta nono, ki riƙa kaurara kokonta da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko garin kifi ko ƙwai, don koko tsararo ruwa ne kawai yake cika ciki. Abin da nake so ki riƙe shi ne matan nan ba masu kuɗi ba ne, ba masu digiri ba ne, kuma ba wanda ya ce su bar wanki su yini suna wasa. Abin da aka koya musu mafi yawansa kina yinsa kina goye da ita kina jajjage.

Sanin wannan ba zai sa wanki ya yi daɗi ba. Wanki wanki ne, kashin yaro kashi ne, jarkar Kufuor cike da ruwa tana nan da nauyinta. Ba zan ce ki so kowane minti ba, don ba wadda take so. Ƙawarki mai "kowane minti ni'ima ne" ta ɗauki hoton ne bayan an yi wa yaran wanka an shafa musu mai, ba ta ɗauki na minti goma kafin nan ba. Allah ya bar ta da ni'imarta, ke dai ki rage kallon sitatus a lokacin da kika fi gajiya.

Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha cewa wata miskiniya ta zo mata ɗauke da 'ya'yanta mata biyu, ta ba ta dabino uku. Matar ta ba kowace yarinya ɗaya, ta kai na ukun bakinta za ta ci, sai yaran suka nema, ta raba shi biyu ta ba su. Da A'isha ta ba Manzon Allah (SAW) labari, ya ce Allah ya wajabta wa matar aljanna saboda dabinon nan. Ki sake duba labarin. Ba a ce tana murmushi ba, ba a ce zuciyarta cike take da farin ciki ba. Yunwa take ji, har ta kai shi baki. An karɓi aikin ba tare da an tambaye ta me take ji a ranta ba. Wannan shi ne abin da nake so ya zauna miki: ba wanda yake bin ki bashin jin daɗi. Ranar da kika ciyar da su kina murna an rubuta, ranar da kika ciyar da su kina share hawaye ma an rubuta, kuma a jikin yaran duka biyun sun shiga. Amma fa kada ki kafa hujja da matar nan ki riƙa barin kanki da ƙanzo. Shayarwa kike yi, ki zuba naki kafin ki zuba nasu.

Game da yadda za ki riƙa ganin abin da idonki, ban ba ki sabon aiki ba. Ki zaɓi wurare biyu ko uku cikin abin da dama kike yi, ki ajiye waya, ki bar hankalinki ya tsaya a wurin. Tafiyar kai babbar makaranta tana ɗaya. 'Yar shekara shida takan faɗi abin da ba za ta faɗa a zaune ba in kuna tafiya kina riƙe da hannunta: wa ya ƙwace mata fensir, me malama ta ce, wa ba ya wasa da ita. Kada ki yi saurin yanke hukunci, ki ce "Sai aka yi yaya?" ki bar ta ta ƙarasa. Ranar tsifa da kitso ma haka, kanta a cinyarki awa guda. Na san da kunyar 'yar fari, wasunmu an tashe mu ba a kiran sunanmu, ba a yabonmu a gaban mutane. Ki yi alkunyarki a gaban surukai in kina so, amma a ɗaki ki kira ta ki gaya mata ta iya. Ita ce kuma za ki fi saurin mayarwa 'yar raino ki manta ita ma yarinya ce.

Na tsakiyan yana shekarun "me ya sa". Me ya sa akuya ba ta sa takalmi, me ya sa Baba hannunsa baƙi. In za ki sayo koko da safe ki tafi da shi, ki ba shi kuɗin ya miƙa da kansa, ya ƙirga ƙosai a leda, ya ce na gode. Za ki ji yana cakuɗa Hausa da Twi na maƙwabta da Turancin da yayarsa ke kawowa daga makaranta cikin jimla ɗaya. Ba ruɗewa ya yi ba, haka yaran da ke tashi da harsuna da yawa suke yi, zai tsefe su da kansa. Twi da Turanci zai same su a titi da aji ko kin so ko ba ki so ba. Hausa mai kyau kuwa daga bakinki take. Daren da aka ɗauke wuta, maimakon tsaki, ki ce "Ga ta nan ga ta nanku". Labarin Ananse, gizon tatsuniyoyin Twi, za su ji shi a makaranta da talabijin, amma Gizo da Ƙoƙi in ba ki ba su ba, da wuya su ji a wani wuri. In kin manta ƙarshen tatsuniyar ki ƙirƙiro, kakanninmu ma haka suka yi.

Kuma tunda shaida kike nema, kina da ita a jakarki. Ɗauko littafin awon yarinyar ki duba nauyinta ranar haihuwa, ki duba na watan jiya. Yawancin jarirai suna ninka nauyinsu biyu wajen wata biyar, su ninka uku wajen shekara. In nono zalla kika ba ta wata shidan farko, kowane kilo da ya ƙaru a wannan layin daga jikinki ya fito. Sannan ki nemo wa kanki mai gani. Duk ranar da wani ya yi abin dariya ko sabon abu, ki danna waya ki tura wa mahaifiyarki saƙon murya, ko ki sa yaron ya faɗa mata da bakinsa. Tsohuwa za ta yi shewar da tsakar gida take yi a da, ta kuma ce miki, "Ai ke ma haka kika yi." Abin da aka ba wani labarinsa yakan zauna a rai fiye da wanda ya wuce ba wanda ya ji.

Sai maigida. Allah ya saka masa da alheri, aikin Magazine ba wasa ba ne, yini ake a ƙarƙashin mota cikin baƙin mai da rana. Amma ina kyautata zaton bai san kina kuka ba, don kafin ya shigo kin share ido kin ajiye abinci. Kada ki tare shi da maganar a bakin ƙofa. Ki bari ya yi wanka ya ci, sannan ki gaya masa yadda kika gaya mini. Kuma ki nemi abu takamaimai. In kika ce "ba ka taimaka mini" zai fara lissafa miki kuɗin haya da na makaranta, ku kwana kowa ya juya baya. In kika ce "Ranar da ba ka zuwa aiki, bayan la'asar ka fita da manyan biyu awa biyu in kwanta", ko "Ka cika mini jarkoki kafin ka fita, ko ka ba da kuɗin a ɗebo", wannan abu ne da zai iya cewa to. In ya ce raino ba aikin maza ba ne, a hankali ki tuna masa cewa Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Yakan kuma taƙaita salla in ya ji kukan yaro a bayansa, don tausayin uwar. Yaran ma suna buƙatar sanin ubansu da rana, ba sai inuwarsa da dare ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba lallai hannun dangi ba. A layinku ba za a rasa wata mai ɗa a makarantar 'yarki ba. Ku raba, ke ki kai da safe ita ta ɗauko, ko ku yi mako-mako. In akwai makarantar matan aure a masallacin unguwarku ki koma, ko ranar Asabar kaɗai ce, ki tafi da goyonki. Karatun riba ne, zama cikin manya a yi magana irin ta manya ma magani ne.

Keken nan kuma ki yaye masa zane. Kin ce ji kike kamar kin ɓace, kuma ina ganin wani ɓangare na ke yana ƙarƙashin zanen nan. Ma'aikaciyar ofis Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ba ta hutun haihuwa mako 12 da cikakken albashi, in ta koma kuma tana da awa ɗaya a yini ta shayarwa. Ke da ke gida ba dokar da ta ba ki ko minti ɗaya, sai kin yanka wa kanki. Ban ce ki kama rumfa gobe ba. Ki sa masa mai, ki sayo allura da zare a kasuwar Kejetia, ki fara da awa ɗaya a lokacin barcin rana, kwanukan su jira. Rigar makarantar da ta yage, zanen goyo, kayan sallar 'ya'yanki. Maƙwabta da sun ji ƙarar keke za su fara kawo gyara, kuɗin da aka turo ta waya (MoMo) ki ware shi daban ko da sidi goma ne. Kada ki karɓi ankon biki mai wa'adi yanzu, zai mayar miki da abin da kike so ya zama azaba. Lokaci ma yana gefenki. Shekara mai zuwa na tsakiyan zai cika huɗu ya shiga KG, ajin share fagen firamare, wanda shekara biyunsa suna cikin karatun firamare na kyauta a makarantun gwamnati. Daga nan safiyarki ke da yarinya ɗaya ce.

Abin da zai iya rushe wannan lissafin shi ne sabon ciki kafin jikinki ya dawo. Shayarwa tana ba da kariya ne a wata shidan farko kaɗai, shi ma in nono zalla ake bayarwa kuma al'ada ba ta dawo ba, ke kuwa kin wuce nan. Likitoci suna ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, kusan daidai da shekara biyun shayarwa da Suratul Baƙara ta ambata. Ku zauna da maigida ku tattauna, sannan ki tambayi nas a ranar awon nan hanyoyin da suka dace da mai shayarwa. Magana ce taku ku biyu da ma'aikaciyar lafiya, ba sai an kai ta gaban dangi ba.

Ki rubuto mini bayan kin je asibitin, ina son jin abin da suka ce game da jininki da barcinki. Allah ya raya miki su, ya ba ki lafiya da ladan reno.

Wassalam,
Antinki